Tsagar Baba a Jikin Katako

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ilyasu kafinta. Ya cika bayan azahar a gidanmu na unguwar Karantina a Jidda. Ina cewa gidanmu ne don baki ya saba, amma gidan babu shi yanzu, unguwar ma haka. Duk shekara idan wannan wata ya kama, Inna takan dafa shinkafa da wake ta raba wa maƙwabta sadaka, ni kuma in yi shiru har kwanakin su wuce. Bana shirun ya gagare ni. Akwai wasiƙar da ya kamata in aika wata takwas da suka wuce, ban aika ba, kuma abin da rashin aikawar ya jawo ba ya gyaruwa.

Duk wanda ya taso a Jidda zai tuna tsohuwar malahin nan ta bakin teku, filin wasan da ke da lilo da dawakan roba masu juyawa, da mai sayar da balila, dafaffen waken Larabawa, a bakin ƙofa. A tsakiyarta akwai jirgin katako. Layin dogo ne da aka ɗora a kan ginshiƙan katako, ya hau sama har ya fi dabino tsawo, ya gangaro kamar zai zuba mutane a ruwa, sannan ya murɗe ya dawo da su inda ya ɗauke su. Larabawa jirgin mutuwa suke ce masa. Mu a gida jirgin Baba muke cewa, domin shekara ashirin da shida ya yi yana kula da shi.

Aikinsa ba mai ganuwa ba ne. Lokacin da jama'a suke fara zuwa, bayan la'asar, shi ya daɗe da wanke hannu. Yana sallame asuba yake fita, ya hau mota biyu, ya isa kafin rana ta yi zafi. Sai ya tuɓe takalmi, ya ɗauki 'yar gudumarsa, ya bi layin da ƙafa daga farko har ƙarshe, yana ƙwanƙwasa kowane katako yana kasa kunne. Yakan ce katako mai lafiya amsa maka yake yi, wanda gishirin teku ya ci kuwa murya yake yi irin ta mai mura. Takalmin ma da dalili yake cirewa, wai tafin ƙafarsa yana jin laushin da ido bai gani ba tukuna.

Duk wannan shekarun bai taɓa hawa jirgin ba. Abokinsa Kawu Isuhu, mutumin Damagaram, wanda shi ne ke riƙe da birkin jirgin, bai bar shi ya huta da maganar ba.

“Ilyasu, kai dai ka ba mu kunya. Yaran da ba su kai ƙugunka ba suna hawa suna dariya, kai ko sau ɗaya.”

“Su ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba,” in ji Baba. “Ni na san kowace ƙusa da halinta. Sannan birkin a hannun wa yake? A hannunka. Ka ga dalili na biyu.”

Ina da shekara takwas ya tafi da ni wata safiya da babu makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ya shigar da ni ƙarƙashin jirgin, inda baƙi ba sa shiga. Wuri ne mai sanyi, yana warin gishiri da tsohon mai, hasken rana yana ratsowa ta tsakanin katakon siri-siri yana sauka a jikinmu kamar an yafa mana zane mai ratsi. Ana jin teku a kusa. Na tuna na ɗauka cewa haka cikin babban kifi yake.

Ya ɗaga ni a kafaɗarsa ya ce, “Uwata, sa hannunki nan.”

Na shafa cikin katakon da ke saman kaina. Akwai zane uku a tsaye, da ɗaya a karkace da ya ratso gefensu, an yanka su da wuƙa. Sai ya kama yatsana ya kai kuncinsa. Su ne dai. Tsaga uku da bille ɗaya, waɗanda wanzami ya yi masa ranar suna a wani ƙauye kusa da Maraɗi, tun kafin ya san akwai wani abu wai shi teku.

Ya ce duk shekara ana shafa wa jirgin farin fenti, sabon katako da tsoho su zama ɗaya a ido. To duk katakon da ya cire ya sa sabo, sai ya yi masa tsagar gidansu ta ciki, inda fenti ba ya kaiwa, don ya san wanda ya riga ya gyara da wanda yake jiransa. Ba a takarda yake ba, masu wurin ma ba su sani ba. Na tambaye shi me ya sa ni babu a fuskata. Ya yi dariya ya ce, “Ke a nan aka haife ki, nan kuwa ba sa yi. Shi ya sa nake yi wa waɗannan, kada abin ya ƙare a fuskata.”

Da a nan labarin ya tsaya, da na rubuta shi tun bara da murmushi.

Ina aji ɗaya na sakandare, wata rana Inna ba ta da lafiya, Baba ya zo ɗaukata. A makarantar 'yan mata maza a waje suke tsayawa, mai gadi ya riƙa kiran suna da lasifika. Na fito tare da wata yarinya da na daɗe ina so ta zama ƙawata. Ga Baba a bakin ƙofa da kayan aiki, yana murmushi, rana ta haske kuncinsa sosai. Yarinyar ta dube shi, ta raɗa mini da Larabci, “Dubi wancan, kyanwa ce ta yaƙushe shi? Kin san shi ne? Ke yake kallo.” Ban ce babana ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Na gyara mayafina na wuce shi, na tsaya a kwanar titi har ya biyo ni.

A mota na ce masa, idan zai sake zuwa ya riƙa jirana a kwana, wai bakin ƙofa akwai cunkoso. Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce, “To, Uwata.”

Daga ranar a kwana yake tsayawa. Kuma ya koyi wani abu da bai saba ba: yakan naɗe rawaninsa ya rufe kunci har hanci, irin na masu gudun ƙura, ko da babu iska. Ni ban ce ya yi haka ba. Amma ban ce ya daina ba. Na girma, na yi karatu, na karanta waƙoƙin Larabci a kan uwa da uba har na haddace wasu, ina ta tanadin ranar da zan zauna kusa da shi in ba shi haƙuri da kalmomi masu kyau. Kalmomin da nake nema ba su gama haɗuwa ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi.

Maza suka ɗauke shi. A nan mata ba sa bin gawa, ba sa shiga maƙabarta, kaburbura kuma ba a rubuta musu suna. Da na tambayi Kawu Isuhu inda aka sa shi, sai ya ce, “Can wajen katanga ta gabas, ɗiyata. Duk ƙasar Allah ce.” Bayan 'yan shekaru aka zo aka rubuta alamar rusau da jan fenti a bangon gidanmu, muka kwashe abin da mota ɗaya za ta iya ɗauka. Teburin aikinsa bai shiga ba, haka ƙofar ɗakin da ya sassaƙa da hannunsa. Na koma sau ɗaya bayan rusau ɗin, na kasa gane ko da layinmu ne. Fili ne fetal, sai tsuntsaye.

Sai ya zama jirgin katako ne kaɗai wurin da zan je in ce ga inda hannun Baba ya taɓa. An rufe malahin bayan rasuwarsa da shekara biyu, aka zagaye ta da kwano, amma jirgin ya fi shingen tsawo. Ranar Juma'a da yamma nakan je bakin teku in zauna inda nake hango shi, fentinsa yana ɓarewa, in yi wa Baba addu'a daga nan. Wasu suna da kabari. Ni wannan nake da shi, kuma na gode Allah.

Bara aka kafa manyan alluna a jikin shingen. Hotuna ne na abin da za a yi a wurin: gidajen cin abinci na gilashi, hanyar tafiya mai inuwa, fitilu a cikin ruwa, da sabon jirgi na ƙarfe mai launin shuɗi da zai riƙa juya mutane kai a ƙasa. Nakan tsaya gabansu in tambayi kaina abin da Baba zai ce. Ba na jin zai yi fushi. Shi ba mai ƙin sabon abu ba ne, kuma ya fi kowa sanin jirgin ya tsufa. Yakan ce teku ba ya gajiya, shi ne zai gaji. Ina jin zai daɗe yana kallon hoton shuɗin jirgin nan, ya sa hannu a baya, sannan ya tambaya wa zai riƙa bin sa da safe, kuma da me zai ƙwanƙwasa shi. Daga nan ya nemi sanin ko talaka mai 'ya'ya biyar zai iya shiga.

A ƙasan wani allo aka rubuta cewa ba za a zubar da tsohon jirgin duka ba. Za a kwance shi, a zaɓi katakon da ya fi kyau, a sake gina tudunsa na farko a tsakiyar sabon filin don tunawa. Ranar na yi kuka a kan titi don murna. Na san katakon da ya fi kyau. Na san alamarsa, kuma duk duniya ni kaɗai na rage da na sani, domin Kawu Isuhu yana sama wajen birki, bai taɓa leƙa ƙarƙashi ba, Inna kuwa ba ta taɓa zuwa wurin ba.

Na zauna na fara rubuta wa kamfanin da ke aikin wasiƙa da Larabcina mafi kyau. Na gabatar da kaina, na faɗi sunan mahaifina da shekarun da ya yi. Na rubuta cewa duk katakon da suka ga yana da yanka huɗu ta ciki, shi ne sabo, shi ne mai ƙarfi. Sai na zo inda zan faɗi mene ne yankan. Hannuna ya tsaya. Na hango wani ofis mai sanyi, wasiƙata tana yawo daga tebur zuwa tebur, wani yana tambayar wani, “Wai fuskokinsu suke yankawa?” Kuncina ya yi zafi irin na ranar nan a ƙofar makaranta. Ina da shekara ashirin da tara, ina koyar da yara adabi, amma yarinyar nan mai gyara mayafi tana nan a cikina ba ta je ko'ina ba. Na ce bari in samo yadda zan faɗe shi da kyau. Na ce gobe. Ai da sauran lokaci, irin wannan aiki ba ya farawa da wuri.

Kawu Isuhu ne ya kira ni wata safiya. Kamfanin ya bar shi a wurin yana gadi, don ya tsufa kuma ya san kowane lungu.

“Uwar Ilyasu, kina ina? Sun kwance jirginku. Sati biyu ana yi, ni ina asibiti da ƙafar nan, yau na dawo na tarar. Yalla, zo ki yi masa sallama.”

Na bar aji na tafi. Sararin sama ya yi faɗi a inda jirgin yake, har ido ya rasa inda zai sauka. An jera katako a ƙasa, tsaf, kowanne da lamba. Na tsuguna na fara juya su ɗaya bayan ɗaya, abayata tana jan ƙasa. Na juya goma, na juya ashirin. Cikinsu sumul yake, babu komai.

Wani injiniya matashi ya zo, da ladabinsa, ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce katakon da ke da yanka ta ciki. Ya ce, “A'a, waɗannan ai mun fitar da su tun farko. Da muka ga alamar a kan da yawa, sai muka gane ma'aikatan dā ne suka yi wa masu lahani shaida. Mun ajiye masu tsabta.” Ya faɗa yana jin daɗin ya yi aiki da lura.

A nan, tsugune a ƙasa, na faɗi abin da na kasa rubutawa, kuma bai ɗauki minti ɗaya ba. Na ce alamar fuskar mahaifina ce. Na zana ta da yatsa a kuncina. Na ce waɗanda kuka zubar su ne ya gyara, waɗanda kuka ajiye su ne bai kai gare su ba.

Bai yi dariya ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ya cire hular kwanonsa, sannan ya ce, “Shi ya sa. Ma'aikata sun yi ta ƙorafi ƙusoshinsu sun ƙi fita.” Ya ce da wani ya gaya musu, da layi ɗaya ne kawai, da sun sa alamar a gaba inda kowa zai gani. Ya roƙe ni in yafe musu. Na rasa yadda zan gaya masa ba shi ne ya kamata ya nemi yafiya ba.

Ya rubuta mana inda motocin suka kai katakon, wani wuri a unguwar masana'antu da ake niƙa tsohon katako. Muka shiga tasi ni da Kawu Isuhu, muka yi kudu, muka wuce ta gefen filin da dā Karantina ce, babu wanda ya juya ya kalla. A can wani mai kula da injin ya nuna mana tudun garin katako da ya fi ɗaki tsawo, ya ce, “Halas, an gama niƙe shi tun shekaranjiya.” Na sa hannu a ciki. Da ɗumi, kuma wallahi da sauran warin gishiri. Kawu Isuhu ya tsaya a bayana yana dogara sanda. Can ya ce, “Shekara ashirin da shida ina zaune a kan fuskar mutumin nan ban sani ba.” Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi.

Sun gama gina tudun tunawar a watan jiya. Ya yi kyau, an shafa masa fari, an kewaye shi da furanni, masu wucewa suna ɗaukar hoto ta ramin shinge. Babu katako ɗaya a jikinsa da Baba zai yarda yaro ya taka. Na san da yana nan da ya zagaya shi sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya girgiza kai, ya tambaya ko akwai wanda zai ara masa tsani.

Nakan zauna in auna abin da ya rage nasa. Kabarinsa babu suna, gidansa fili ne, iƙamarsa, katin izinin zamansa, tana cikin akwatin Inna da hoton da hasken kyamara ya shafe tsagar. Inna tana cewa abin da ya rage shi ne mutanen da suka hau jirgin nan suka sauka lafiya, duk tsawon shekarunsa, babu wanda ko ƙwarzane ya yi. Gaskiya ne. Suna nan cike da garin, sun zama iyaye, wasu likitoci, wasu direbobi, ba su san akwai wani mutum da yake bin hanyarsu ba takalmi kowace safiya kafin su zo ba. Wannan yana sanyaya mini zuciya da rana. Amma ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, bai ishe ni ba. Ina son abin da zan sa yatsa a kai.

Mai kula da injin nan ya faɗi wata magana da muna fita. Ya ce ba duka ne suke isowa ba, direbobi da leburori sukan zare masu kyau a hanya, su yi benci ko kanta ko marfin tanki. Ban sani ba ko don ya ga idona ne ya faɗa.

To ga wasiƙar da ban aika ba, na aiko ta yau ga duk wanda yake jin Hausa a garin nan, a unguwar Ruwais ko a bayan masana'antu ko inda rusau ya watsa mu. Idan akwai wani benci a ƙofar shagonku da aka yi da tsohon katako mai sauran farin fenti, mai nauyin da ya fi kamanninsa, don Allah ku juya shi. Idan kun ga yanka uku a tsaye da ɗaya a karkace, ba lahani ba ne. Ba sai kun kawo mini ba. Ku zauna a kai, zai ɗauke ku. Ku dai yi wa mai shi addu'a, Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Idan kuma wani yaro ya tambaye ku wa ya yaƙushi katakon, ku ce masa ba yaƙushi ba ne, tsagar gidan Malam Ilyasu kafinta ce.

Babana ne.